Mai Ɗaure Kusoshi

A bakin hanyar Mando akwai jirgin yaƙi
da aka kafe bisa ginshiƙin siminti,
hanci sama, kamar mai jiran a kira sunansa.
Tattabaru sun gaje kujerar matuƙi.
Damina ta lashe lambar da ke gefensa,
saura bakwai, da rabin wani abu mai kama da uku.

Baba ba ya wuce shi a zaune.
"Taka burki, Kyauta."
Sai ya fito, hannu biyu a baya,
ya bi fiffiken da ido har ƙarshe.
"Shekara ashirin da shida ina ɗaure wa irinsa kusoshi.
Na san tarinsa, na san minsharinsa,
in ya kwana da ciwo ni ke fara ji.
Samarin da ke hawansa su sara mini da yatsa biyu,
su bar ni da warin kananzir da toshewar kunne.
Ban taɓa ganin kogin nan ta sama ba."
Ba kuka yake ba.
Lissafi ne, irin na mai ƙirga sifana kafin a tashi aiki.

Ni kuwa ƙasa na riƙa.
Fijo ce, haihuwar Kakuri, ta girme ni da shekara tara.
Gawarta na saya a Fanteka,
kaza na kwanci a kujerar baya.
Jatau mai walda ya yi mata haƙarƙarin bututu,
muka yar da rediyo da duk abin da ba ya gudu.
Salansa kuwa, maƙwabta sun kai ƙara sau biyu.

Can bayan Rigachikun muke haɗuwa ran Lahadi,
fili ne da muka zana da tsofaffin tayoyi,
kwana goma sha ɗaya, biyu daga ciki ba su da imani.
Talatuwa ke riƙe da agogo,
ba ta yafe wa kowa ko daƙiƙa.

Rannan ruwa ya kwana yana zuba,
jar ƙasa ta yi santsi kamar miyar kuɓewa.
Baba ya ce zai shiga.
Hular kwano ta yi masa yawa,
na cusa masa ɗankwalina a ciki.
Ya ja bel da kansa, ya gwada shi sau uku,
ya buga ƙofa da tafin hannu, alamar a tafi.

Giya ɗaya, biyu,
ta uku ta shiga da gardama.
Dorawar bakin fili ta taho ta wuce kamar an fizge ta.
A kwana ta shida baya ya zame,
na miƙa mata sitiyari inda take so,
ta yi tunani, ta dawo.
Taɓo ya rufe gilashi.
Miƙaƙƙiyar hanya ta buɗe,
na danne totur har tabarmar ƙarfe,
allura ta kwanta tana rawar sanyi,
cikina ya tsaya can baya yana nemana.

Na saci kallonsa.
Ido rufe, kai a karkace,
kunnen da bai mutu ba yana wajen inji.

Da muka tsaya Talatuwa ta ɗaga agogo tana tsalle,
ban ji abin da ta ce ba.
Baba bai kwance bel ba.
Bonet na ƙas-ƙas tana hucewa,
balbela ta koma inda muka kore ta.

"Filogi na uku yana yi miki ƙarya," in ji shi.
Ya yi shiru.
Ya share taɓon gilashi da hannun riga,
ya leƙa sama ta wurin.
"Amma can wajen dorawar nan,
da kin ƙara kaɗan,
na ji ƙafafun gaba sun fara sakin ƙasa."

Ya buga ƙofa da tafin hannu.